Tsatsa a bututun ma'aikata: inda take kamawa da yadda ake riga ta

A Yamai da Tawa, masu kula da injuna da yawa sun ɗauki tsatsa ciwon garuruwan bakin teku ce, irin su Kwatano da Lome. Mu nan damina wata uku ce zuwa huɗu, sauran shekara rana ce da ƙura. Maganar ba ƙarya ba ce duka, don ƙarfen da ke tsaye a fili iska na kaɗa shi ya fi daɗewa a nan. Amma bututu ba ya lalacewa gaba ɗaya. Wuri guda yake hujewa, wurin da bai fi tafin hannu ba, inda ruwa ya samu mazauni ya kwana: kan matokari, bakin ƙasa, ƙarƙashin lulluɓin tsare zafi, ko can ciki inda ido ba ya kaiwa. Mita ɗari na iya zama garau, taƙi ɗaya ya tsayar da ma'aikata. Saboda haka yawancin aikin nan na nemo waɗannan wurare ne, a auna su, a rubuta, a dawo a sake auna wurin nan dai. Fenti da magani da wutar kariya daga baya suke zuwa.

Manyan layukan mai na Nijar suna da ma'aikatansu da kayan aikinsu, wato wanda ke kai ɗanyen mai daga Agadem zuwa matatar SORAZ ta Damagaram tun 2011, mai tsawon kimanin kilomita 460, da wanda ya tashi daga Agadem ya bi ta yankin Ƙonni da Gaya ya sauka Seme a Benin, kusan kilomita 2,000, da ya fara fitar da mai a 2024. Wannan jagora ta fi shafar wanda aka damƙa wa bututun ƙaramar ma'aikata ko matsakaiciya: ma'ajiyar mai, tashar lantarki mai ƙona gazuwal, ma'aikatar siminti ko ta abin sha, gidan ruwa.

Abu ɗaya ya kamata a riƙe tun farko. Tsatsa aikin lantarki ce. Wani sashe na ƙarfen yana narkewa, wani yana hutawa, damshi ya haɗa su ta waje, jikin ƙarfen ya haɗa su ta ciki, sai wata ƴar wuta ta riƙa zagayawa tana ɗebe ƙarfe daga sashen farko. Duk dabarar da za a faɗa a ƙasa, ko dai tana raba ƙarfe da damshi, ko tana rage kaifin ruwan, ko tana juya wutar nan.

Mataki na farko: zana bututun da ƙafarka

Kada ka dogara da zanen da ke cikin ofis. Ma'aikata ba ta shekara goma ba a ƙara reshe ko a toshe wani ba, kuma da wuya a koma a gyara takarda. Ɗauki alƙalami ka bi kowane layi daga inda ya fara zuwa inda ya ƙare, kana zana gwiwoyi, bawul, rassa, matokarai, da inda ya shiga ƙasa ko bango. Sannan ka yanka shi gida-gida. Duk sashen da ƙarfensa ɗaya, abin da ke gudu ciki ɗaya, zafinsa ɗaya, gida ɗaya ne, ka ba shi lamba.

Daga nan sai jeri. Tambaya biyu ce ga kowane gida: mene ne zai iya cinsa, kuma in ya huje yau me zai faru? Fetur, gas da tururi kusa da mutane su ne a gaba. Ruwan wanke fili yana can ƙarshe. Akwai layin da kusan kullum ake mantawa da shi, layin ruwan kashe gobara. Ruwa yana kwance a cikinsa wata da watanni, ba ya kawo kuɗi, ba wanda ke kallonsa, sai ranar da ake neman sa.

Mataki na biyu: zagaye da ido

Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Zagaye na sosai sau biyu a shekara ya wadatar, ɗaya a Mayu kafin ruwa ya sauka, ɗaya a Oktoba bayan ya ɗauke. Tafi da tocila, ƙaramin madubi, da wayar ɗaukar hoto.

Fara da matokarai. Inda bututu ya kwanta kan ƙarfe ko kankare, fenti yana gogewa saboda miƙewa da tsukewar zafin rana da sanyin dare. Ƙurar hunturu ta cika saƙon, ruwan farko ya jiƙa ta, ta zama taɓo mai riƙe damshi kwana da kwanaki bayan ko'ina ya bushe. Sa madubi ƙasa ka duba. Jan zane da ke gangarowa daga matokari alama ce. Maganinsa a ɗaga bututun kan sandar roba mai tauri mai zagayayyen baya, yadda zai taɓa ta a layi siriri, ruwa ya zube, iska ta ratsa. Shimfiɗa robar taya a wurin ƙara riƙe ruwa take yi.

Sai bakin ƙasa, inda bututu ke nitsewa ko fitowa. Nan ne ya fi ko'ina haɗari a bututun da aka binne, don damshi da iska duka suna isa wurin, fentin sama ya ƙare, naɗin ƙasa kuma sau da yawa bai hauro ba. Tona kamar santimita 30 ka duba, ka naɗe daga nan har santimita 15 ko fiye sama da ƙasa. A Tawa da duk inda iska ke kwasar rairayi, bututun da aka ɗora dab da ƙasa yakan wayi gari rabinsa a binne, alhali fentinsa ba na binnewa ba ne. Shebur kawai yake so, amma sai an sa wani a kan aikin.

Lulluɓin tsare zafi ko sanyi shi ne maɓoyar da ta fi ruɗi. Daga waje kwanon lulluɓin yana walƙiya, a ciki audugar ta sha ruwa ta manne da ƙarfe. Baƙin ƙarfe yana cikin haɗarin nan daga digiri 12 ƙasa da sifili har zuwa 175, ya fi muni wajen 80 zuwa 110, inda ruwa ke ƙafewa yana dawowa yana barin gishirinsa. Layin da ke aiki yau ya huta gobe ya fi wanda ke zafi kullum lalacewa. Layin ruwan sanyi na na'urorin sanyaya wuri kuma gumi yake yi da damina, ko ruwan sama bai taɓa shi ba. Nemi inda kwano ya lotse saboda an taka, inda haɗi ya buɗe yana kallon sama, da ƙasan layukan tsaye inda ruwa ke taruwa. Yanka taga ka duba, sannan ka rufe ta da kyau, kada tagar dubawa ta zama ƙofar ruwa.

Duba kuma inda ƙarfe iri biyu suka taɓa juna: jan ƙarfe da baƙi, inoks (ƙarfe mai jure tsatsa) da galba (ƙarfe mai rufin tutiya). Ɗaya zai ci ɗaya, kuma in wanda ake ci ƙarami ne, abin da sauri yake. A Gwadalahara ta ƙasar Meziko, bututun ruwa na galba da aka shimfiɗa jikin bututun fetur ya jawo hujewa, fetur ya malala cikin magudanan gari, ranar 22 ga Afrilu 1992 tituna suka tashi, mutum sama da 200 suka rasu. Faifan roba tsakanin bakuna biyu, da hannun riga na roba a kusoshi, su ke raba su.

Gargaɗi ɗaya: in ka ga ɓawon tsatsa mai kauri a layin mai, gas ko tururi da ke aiki, kada ka kankare shi, kada ka buga guduma. Wani lokaci ɓawon nan ne kaɗai ya rage tsakaninka da abin da ke ciki. A sauke matsi tukuna.

Mataki na uku: auna kauri, a wuri ɗaya, a rubuta

In kuɗin ma'aikata bai kai na komai ba sai abu ɗaya, a sayi na'urar auna kauri mai aiki da sauti. Girmanta bai fi waya ba. Ana ɗora kanta a jikin bututu da ɗigon man shafawa, ta aika sauti ya bugi bangon ciki ya dawo, ta ba da kaurin a milimita, ba tare da an tsayar da aiki ba.

Zaɓi wuraren aunawa daga zanenka: bayan gwiwoyi inda gudun ruwa ke duka, bayan bawul da bayan famfo, inda bututu ya ƙanƙance, wuraren da suka fi gangarawa, matattun rassa da aka toshe bakinsu, da ƙasa da duk inda ake zuba magani a layi. A kowane wuri auna kusurwa huɗu kamar fuskar agogo, ƙarfe 12, 3, 6 da 9. A layin kwance na mai, ƙarfe 6 ne ke ba da labari, don ruwa ya fi mai nauyi, ƙasa yake bi. Zagaye wurin da fenti mai haske ka rubuta lambarsa, yadda wanda zai zo bayan shekara uku zai ɗora na'urar daidai inda ka ɗora. In ya kauce da faɗin yatsa biyu, lissafin ya tashi a banza.

Kafin ka fara, daidaita na'urar a kan guntun ƙarfen gwaji mai matakala, ka sake bayan ka gama. Fenti yana ƙara wa awo, don sauti ya fi jinkiri a cikinsa, sai dai in na'urarka mai tsallake fenti ce. Ƙarfe mai zafi ma yana nuna kauri fiye da gaskiya, kusan kashi 1 cikin 100 a kowane ƙarin digiri 55. Kuma awo ɗaya ba ya kama rami. Tsatsa mai rami tana iya huda bango a wuri kamar ƙwayar gero, gefenta kuma lafiya lau. Inda kake zargin haka, ja layuka murabba'i-murabba'i ka bi su a hankali, ka rubuta mafi ƙanƙantar lamba.

Ga yadda lissafin yake. A ce bututu ne mai inci 4 na ajin kauri 40, wanda a takarda bangonsa milimita 6.02 ne. An kafa shi a 2014 aka auna 6.0. A 2021 aka samu 5.6, a 2024 kuma 4.7. Daga farko zuwa yanzu ya rasa 1.3 cikin shekara 10, wato 0.13 a shekara. Amma cikin shekara 3 na baya ya rasa 0.9, wato 0.3 a shekara. Da mafi munin ake aiki. In injiniya ya ƙayyade cewa layin ba zai sauka ƙasa da milimita 3.0 ba, saura 1.7. Raba da 0.3, ya ba ka shekara biyar da ƴan watanni. Ƙa'idar API 570, wadda ma'aikatun mai ke bi, ta ce a sake awo kafin rabin wannan lokaci, kuma ko lissafi ya ba da dogon zango kada a wuce shekara 5 a layuka mafi haɗari, 10 a sauran, 3 a wuraren zuba magani. Nan kenan kafin shekara uku su cika.

Lambar ta biyu, wato 0.3, tana ɗauke da tambayar da ta fi lissafin muhimmanci: me ya canza bayan 2021? An koma wata rijiya? An daina zubar da ruwan tanki? An ƙara gudun famfo? Wanda ba shi da awon baya ba zai ma san akwai tambayar ba. Shi ya sa sabon bututu ake auna shi tun ranar da aka kafa, don maƙera suna da izinin kawo shi da ragin kauri har kashi 12.5 cikin 100, kuma in ka ɗauki lambar takarda a matsayin mafari za ka ga tsatsar da babu ita. Haka nan awo biyu da wata uku kawai ke tsakaninsu ba su da amfani, kuskuren na'urar ya fi abin da aka rasa.

Kundin awon na ma'aikata ne. Kada ya zauna a wayar mutum ɗaya ya tafi da shi ranar da ya samu wani aiki.

Mataki na huɗu: abin da ke gudu a ciki

Mai ba ya cin ƙarfe, ruwan da ke tare da shi ne ke ci. A tankin gazuwal, shafa man gano ruwa a bakin sandar awo kowane mako, in ya canza launi a buɗe ta ƙasa a zubar. Inda ruwa da laka suka kwanta, bakteriya masu cin salfet suna kafa gida. Za ka gan su in an yanka bututu: ƙuraje ja-ja a bangon ciki, ka fasa ɗaya ka tarar da baƙin taɓo mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ƙarƙashinsa rami mai sheƙi. Warin nan iska ce mai kisa, kuma in ta yi yawa hanci yana daina jin ta, saboda haka ba a shiga tanki ko rami sai da na'urar gwajin iska. A arewacin Alaska a 2006, layin ɗanyen mai da ya shekara da shekaru ba a tura masa makankari (abin da ake turawa ta cikin bututu ya share datti) ba ya huje ta ƙasa, kusan lita dubu 800 suka zube. Dogon layi da aka gina da tashar tura makankari, a tura shi a kan lokaci, a kuma duba abin da ya kwaso. Mataccen reshe kuwa a yanke shi, in ba zai yiwu ba a riƙa wanke shi.

Ruwa kuma sai an san halinsa. Kai samfur ɗakin gwaji a duba tsaminsa, gishirin kulorid, ƙarfen da ke narke ciki, da taurinsa. Ruwan rijiyoyi da yawa a yammacin ƙasar nan yana da ɗan tsami kuma ba shi da ma'adinin da zai shafe bango ya kare shi. Masu gyaran famfon ƙauye sun daɗe da sanin haka: inda awon pH ya sauka ƙasa da 6.5, wato ruwan ya yi tsami, bututun galba ba ya daɗewa, ruwa ya yi ja, mata su ƙi wanki da shi. A irin wannan ruwa a sa roba mai kauri ko inoks tun farko. Ruwan kogin Isa da aka tace da alif shi ma tsaminsa yana ƙaruwa, sai an gyara da farar ƙasa. Inoks kuma ba waliyyi ba ne, ruwa mai kulorid da ya haura digiri 60 yana tsattsaga nau'in 304 da 316.

A tukunyar tururi abokan gaba biyu ne. Oksijin yana haƙa ramuka, ana korarsa da dumama ruwan shiga da kuma sodiyam salfayit, wajen kashi 8 zuwa 10 ga kowane kashi ɗaya na oksijin. Iskar kabon kuma tana narkewa cikin ruwan da tururi ya koma, ta yi tsami, ta haƙa kwari a ƙasan layin dawowa. In ka ga dogon kwari mai santsi a ƙarfe 6 na wannan layi, ita ce.

Don sanin ko magani yana aiki, ana rataya ɗan ƙarfen gwaji cikin layi. A auna nauyinsa, a bar shi kwana 30 zuwa 90, a ciro, a wanke, a sake aunawa. Ninka nauyin da ya rasa a miligiram da 87.6, ka raba da 7.85 sau faɗinsa a murabba'in santimita sau awowin da ya yi. Mai faɗin 30 da ya rasa miligiram 300 cikin kwana 90, wato awa 2,160, ya ba da kusan milimita 0.05 a shekara. Ƙasa da 0.025 kaɗan ne, sama da 0.25 ya yi tsanani. Amma kalli fuskarsa kafin ka yi murna da lamba, ramuka uku masu zurfi sun fi sirancewar bai ɗaya haɗari.

Bayan gwajin matsi da ruwa, a zubar a busar nan take. Sababbin layuka da yawa sun fara ruɓewa ne da ruwan gwajin da aka bari a ciki ana jiran ranar buɗe ma'aikata.

Mataki na biyar: fenti

"Malam injiniya, ai bara muka yi fenti." Haka maigida yakan ce in an kawo masa takardar kuɗi. Abin tambaya shi ne me aka shafa fentin a kai. Fenti kan tsatsa da ƙura rufa-ido ne, kuma ya fi rashin fenti cutarwa, don yana ɓoye abin da ido zai gani.

A wanke maiƙo da gishiri tukuna, sannan a feshe ƙarfen har ya kai matakin da ƙa'idar ISO 8501-1 ta kira Sa 2½, ya yi fari-fari da ɗan kaushi. Rairayin tudu yana nan kyauta, amma ƙurarsa tana taurara huhun mai fesawa, ciwon da ba ya warkewa. A sayi tsakuwar fesawa ta gaskiya da abin rufe fuska mai iska. A shafa shafin farko a ranar, kafin ƙarfen ya sake yin ja. Zafin ƙarfen ya ɗara zafin saukar raɓa da digiri 3 aƙalla, damshin iska kada ya wuce kashi 85. Da damina da kuma kusa da kogi wannan yana hana aikin sassafe. Da bazara matsalar ta juya, ƙarfen da ya sha ranar Afrilu yana busar da fenti kafin ya kwanta, ya bar ƙananan huji. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi, a ranar da ba ƙura.

Tsarin da aka saba shafi uku ne: na farko mai tutiya, na tsakiya epoksi mai kauri, na sama poliyuretan, don epoksi shi kaɗai yana zama gari a rana irin tamu. Bi walda, kusoshi da gefuna da burushi kafin kowane shafi, nan fenti ke sirancewa. Auna kaurin busasshen fentin, kada ka karɓi aiki da ido.

Mataki na shida: bututun da ke cikin ƙasa

Kafin a binne, a san ƙasar. Ana kafa sanduna huɗu a layi da tazara ɗaya, na'ura ta ba da turjiyar ƙasa ga wutar lantarki, a ninka ta da tazarar da kuma 6.28. Tazarar mita 2 da turjiyar om 1.5 sun ba da kusan om-mita 19. Ƙasa da 10 ƙasar mai ci ce ƙwarai, sama da 100 da sauƙi. A yi awon a Agusta. Ƙasar da ta nuna lafiya a Afrilu tana iya zama wata aba in ta sha ruwa, musamman fadama, bakin ƙorama, yankunan gishiri da kanwa irin na Dallol Boso da Foga, da unguwannin Yamai na bakin kogi da ambaliyar 2020 ta kwanta a kansu. Inda layi ya fita daga rairayi ya shiga laka, sashen cikin lakar ne ke narkewa.

Naɗin bututu shi ne kariya ta farko, kuma a wurin saukewa da binnewa ake raunata shi. A ɗaga da majanyi mai faɗi ba sarƙa ba. A naɗe kowane haɗin walda bayan an share shi. A bi layin duka da na'urar tartsatsi mai gano huji kafin a saukar. A shimfiɗa rairayi mai laushi ƙasa da sama, kada ɓaraguzan marmara su taɓa shi.

Babu naɗin da ba shi da huji, kuma duk cin yana taruwa ne a hujin. Ampiya ɗaya da ke fita daga baƙin ƙarfe tsawon shekara tana tafiya da kusan kilo 9, ka kwatanta wannan da bangon milimita 6. Nan kariyar katod ke shigowa. Dabarar tsohuwa ce, Humphry Davy ya gwada ta a jiragen ruwan Ingila a 1824. Ana tura wuta ta cikin ƙasa zuwa jikin bututu, yadda ko'ina zai zama mai karɓa, ba mai bayarwa ba.

Hanya biyu ce. Ta farko a binne ƙarfen fansa, maganiziyam ko tutiya, a haɗa shi da bututu da waya, shi ya narke a madadinsa. Ba ta son lantarki, ta dace da gajeren layi da gindin tanki. Tutiya sai ƙasa mai damshi ko gishiri, maganiziyam ya fi ƙarfin turawa, amma a busasshen rairayi shi ma abin da yake bayarwa kaɗan ne. Ta biyu akwatin juya wuta ne da anod, wato sandar da wutar ke fita ta cikinta ta shiga ƙasa, da aka binne, sau da yawa cikin rijiya mai zurfi don a kai ga damshi. Waya mai alamar tarawa tana zuwa anod, mai alamar ragewa tana zuwa bututu. In aka juya su, akwatin da kansa zai cinye layin. Duk wanda ya taɓa wayoyin nan, a sake awo kafin ya bar wurin.

Awon da multimita ake yi da sandar gwaji ta jan ƙarfe mai ruwan salfet. Waya ɗaya a turken gwaji da ke haɗe da bututu, sandar a kan ƙasa daidai saman layi. Da rani zuba ruwa inda za ka kafa ta, in ba haka ba busasshiyar ƙasa za ta ba ka lambar banza. Abin da ake nema milibolt 850 a ɓangaren ragi ko fiye, 950 inda akwai bakteriyar nan. Kada ya wuce kamar 1,200, don yawan wuta yana ɓamɓare naɗi. Lambar gaskiya ita ce wadda aka karanta a daƙiƙar da aka katse wutar, don lokacin da take gudu turjiyar ƙasa tana ƙara wa awon, kuma a ƙasarmu ƙarin ba kaɗan ba ne. Layi na iya nuna 1,000 wuta na kunne, a katse ya faɗo 700.

Duba akwatin kowane wata biyu, turaku duka sau ɗaya a shekara. Akwatin da ke kan wutar gari yana mutuwa duk lokacin da aka ɗauke ta, don haka a sa masa agogon ƙirga awowi, ko a koma faifan rana da batir. In lambobi suka faɗi gaba ɗaya ba dalili, nemi wayar da aka yanke aka sace, ko faifan raba wuta da ya lalace a bakin ma'aikata har kariyar tana zurarewa cikin wayoyin jan ƙarfe na ƙasa. Layin da ya jera da manyan turakun lantarki kuma yana ɗaukar wuta daga gare su, in ta haura bolt 15 haɗari ce ga mai taɓa bawul.

In an riga an huje

Robar tayar babur da ake ɗaure ɗigo da ita ta ceci dare da yawa a layin ruwa, amma ba ta da wuri a layin mai, gas ko tururi. Matsewar ƙarfe mai roba a ciki gyaran wucin gadi ne, a rubuta ranar da aka sa ta da ranar da za a cire. Kafin a ɗaure ta a auna kewayen hujin, kada a matse bangon da ya riga ya zama takarda. Walda a layin mai sai an zubar, an wanke, an toshe da faifai, an gwada iska, an sa hannu a takardar izini.

Guntun da aka yanke kada ya tafi wurin masu sayen tsohon ƙarfe. Tsaga shi biyu a tsaye, ka sa alamar sama da ƙasa da inda ruwa ke nufa, ka ɗauki hoto. Rami daga waje ne ko daga ciki, a ƙarfe nawa, gefensa kaifi ne ko santsi, akwai baƙin taɓo ko babu. Sannan koma kan zanenka ka ja layi ƙarƙashin duk wurin da ya yi kama da wannan, ƙarfe ɗaya, ruwa ɗaya, kwanciya ɗaya, ka auna su cikin makon nan.